Ɗayan Farantin Yana Cikin Yashi

Litinin, da hantsi

Sun sa wa ɗakin zubi kwaɗo. Sabo fil, mai ruwan zinariya. Na tsaya ina kallonsa kamar wanda ya zo gaisuwa ya tarar masu gida sun tashi. Tun da na fara koyar da zubin ƙarfe a kwalejin nan ban taɓa ganin ƙofar a rufe da rana ba. Ko ranar hutu akan sami wani a ciki yana tankaɗe yashi.

Shugaban kwaleji ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba, har shayi ya sa aka kawo mini. Ya ce, "Malam Abbo, ka san abin da ya faru a Sunkani ba ƙarami ba ne." Na ce na sani. Ya ce an kafa kwamiti, Injiniya Jonah ne shugabansa, kuma kafin ƙarshen zango za su yanke hukunci: ko a buɗe ɗakin, ko a rushe sashen a raba ɗalibaina tsakanin masu kafinta da masu walda. 'Yan ajin ƙarshe ne suka fi tsaya mini a rai. Saura musu jarrabawar aikin hannu kawai, kuma ba a yin ta sai da murhu.

Farantin injin niƙa da ajina ya zuba wa Elias mai inji a Sunkani ne ya fashe ana cikin markaɗe. Elias yana asibiti. Iyakar abin da zan rubuta ke nan game da wannan ranar.

Talata, bayan azahar

Mun yi darasi a gindin mangwaro. Na ce musu ai ilimi ba ya cikin bango, Tobiya ya ce, "To Malam, murhu fa? Shi yana cikin bango." Aka yi dariya kaɗan. Na gode wa yaron nan. Ɗan Kona ne, bakinsa ba ya hutawa, kuma yau na fi kowa bukatar bakin nasa.

Na sake ɗauko musu maganar ƙarfen zubi daga tushe, wanda 'yan kasuwa ke kira kas. Na ce ku dubi halinsa: a ɗora masa nauyin duniya zai ɗauka bai ce uffan ba, amma ba ya lanƙwasa. Ƙarfen rodi in ya gaji sai ya karkace ya ba ka labari. Kas ba ya ba da labari, karyewa kawai yake yi. Sai da maganar ta fita na ji nauyinta. Bushra ta sunkuyar da kai, ta daina rubutu.

Na dubi Hambali. Shi ne ya riƙe ludayin zubi ranar da muka zuba farantin, domin hannunsa ya fi na kowa natsuwa. Gadonsa ne, su mahaifinsa masu zuba tukwanen alminiyam ne a Majidaɗi, tun kakansa da ya zo daga Kano.

Mun zuba faranti biyu a waccan Alhamis, ƙarfe ɗaya, yashi ɗaya, don in ɗaya ya ɓaci a sami na biyu. Muna gama zubi aka aiko mini da rasuwar baffana, na kama hanya, ban dawo ba sai Litinin. Da na dawo an riga an kai wa Elias nasa. Ɗayan yana nan cikin akwatinsa a lungun ɗakin, ba wanda ya taɓa shi.

Na tambaye su yau, ba da faɗa ba: "Yaya kuka fitar da na Elias?"

Hambali ya ɗago ya dube ni ido cikin ido. "Kamar yadda aka saba, Malam."

Na yarda da shi. Yaron ba ya ƙarya.

Laraba, da safe

Kwaɗon yana nan.

Alhamis, da yamma

Na je asibiti. Kwana da kwanaki ina ɗagawa, yau matata Asta ta zuba kunun gyaɗa a fulas ta miƙo mini, ta ce, "Baban Hamna, ƙafarka ce ta yi nauyi, ba hanyar ce ta yi nisa ba."

Elias ya miƙo mini hagu muka gaisa, hannun damansa yana naɗe da bandeji. Na zauna, duk maganar da na shirya a cikin keke ta gudu. Shi ya fara. Ya ce, "Ticha, ka zo da fuska kamar kai ne likita ya yi wa ɗinki. Zauna da kyau, ni ban mutu ba." Matarsa ta yi dariya ta juya baya tana gyara kwanuka, ta daɗe tana gyara su.

Ya ce matan unguwa yanzu sai sun ɗauki masara zuwa can bakin kasuwa. Ya ce a coci an ba wani yaro jitarsa ya riƙe, "yaron yana kashe waƙa, ticha, yana kashe shi ƙwarai." Ban dubi hannun ba. Na dubi fanka, na dubi taga.

Da zan tafi ya sa matarsa ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Gutsattsarin farantin ne, ta tsince su duka. Ya ce, "Ɗauka. Kai ka iya yarenshi. Ka tambaye shi me na yi mishi."

Na ɗauka. Yana da nauyi.

Asabar, da hantsi

Na shimfiɗa buhu a baranda na jera gutsattsarin. Rabon da in ji zuciyata ta motsa da wani abu ban da fargaba tun kafin wancan labari. Ƙarfe in ya karye yakan buɗe cikinsa, mai ido ya karanta.

Farko na nemi ramukan iska. In yashi ya jiƙe da yawa, tururi kan shiga narkakken ƙarfe ya bar ramuka kamar na burodi. Damina ce, shi na fi zargi. Babu ko ɗaya. Cikinsa a cike yake tam.

Sai na dubi launi. Kas mai kyau in ya karye toka-toka yake, saboda ƙananan ɓarɓashin baƙin abu da ke warwatse a cikinsa, irin wanda ke cikin fensir. In haɗin ya ɓaci, misali aka jefa sifirin ɗin mota cikin tarkacen da aka narka, sai ya fito fari yana ƙyalli, mai tauri da saurin fashewa. Wannan toka-toka ne. Na goga yatsa, ya yi baƙi. Haɗinmu lafiya lau.

Har na fara murna, sai na ɗauko magagari na goga a gefensa. Ya zame. Na danna da ƙarfi, ya sake zamewa yana ƙara kamar a kan kwalba. Kas mai launin toka magagari yana cinsa kamar rogo. Wannan ya ƙi.

Toka-toka, amma da taurin kwalba. Ban taɓa ganin haka daga murhunmu ba.

Asta ta leƙo ta ce abinci ya huce. Na ce ta zo ta gani. Ta duba ta ce, "Ni dai na ga wannan gefen ya yi tsatsa, wannan bai yi ba." Na karɓa na duba. Gaskiyarta. Fuskar karayar rabi sabuwa ce, rabi ja ce da tsatsa.

Lahadi, bayan la'asar

Ruwa tun safe. An ce kogin Mayo Gwoi ya cika har ya taɓa gonakin bakin gada. Na kwana biyu ban buɗe littattafaina na makaranta ba, yau na zube su duka a tabarma.

Talata, bayan azahar

Na kai musu gutsure ɗaya gindin mangwaro. Na yi shakka kafin in fito da shi, amma nasu ne, su suka zuba shi, suna da hakkin su gani.

Na ce, "Wa zai gaya mini abin da tsatsar nan take faɗa?"

Tobiya ya ce ruwan markaɗe ne. Bushra ta karɓa ta juya shi a rana, ta daɗe. Ta ce, "Malam, ruwa ba zai shiga inda babu hanya ba. In nan ya yi tsatsa, to a tsage yake tun kafin ya fashe. Ya yi kwanaki yana juyawa da tsagarsa a ciki."

Wallahi sai da na ji kamar in yi tsalle. Na ce ta maimaita da ƙarfi kowa ya ji. Irin wannan lokacin ne ke sa mutum ya manta albashi bai zo ba. Yarinyar da ta shigo sashen nan tana tsoron tartsatsi!

Tobiya ya ce, "To wa ya tsaga shi? Ni dai a cinyata na riƙe shi har Sunkani, kamar jariri. Ko ramin hanya ban bari ya ji ba."

A littafi na ga abu ɗaya da ke sa kas mai launin toka ya yi irin wannan tauri ya kuma tsage a ɓoye: a sanyaya shi farat ɗaya yana ja. Na karanta na wuce. Wa zai yi haka? A ɗakinmu ba a taɓa yi ba.

Hambali bai zo ba yau. Jiya ma bai zo ba.

Laraba, da hantsi

Na tare Injiniya Jonah a bakin ofis. Dogo ne, mai magana a hankali, ba mugu ba ne. Na roƙe shi a buɗe mini ɗakin ko na ɗan lokaci in tono ɗayan farantin.

Ya ce, "Malam Abbo, in ka tono shi ka ga yana da kyau, me ka nuna? Ka nuna kuna zuba biyu, ɗaya ya yi kyau ɗaya ya raunata mutum, kuma ba ku san dalili ba. Wannan ya fi muni." Ya dafa kafaɗata. "Kawo mini dalili, ni da kaina zan buɗe."

Na ji haushi a lokacin. A hanya na gane gaskiya ya faɗa.

Alhamis, da safe

Kwaɗon yana nan. Ruwa ya fara ɓata masa ƙyalli.

Asabar, bayan la'asar

Na je Majidaɗi neman Hambali. Ba bincike ya kai ni ba, ɗalibina na je dubawa.

Rumfar mahaifinsa, Baba Umar, tana bayan gida. Tukwane a jere har rufi, manya da ƙanana, wasu na biki da mutum zai iya zama a ciki. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini kujera, ya ce in yi haƙuri ya gama wanda ke wuta. Hambali yana juya masa injin hura wuta, ya gaishe ni bai ɗago ba.

Na zauna ina kallo da jin daɗi, domin aikin gwani abin kallo ne. Baba ya ɗebo narkakken alminiyam ya zuba a akwati. Bai ko zauna ba. Ya yi mini tambaya ɗaya game da iyali, na amsa, sai ya sa ƙafa ya ture akwatin, ya fasa yashin, ya jawo tukunyar da awartaki tana hayaƙi. Ya ɗauki buta ya watsa mata ruwa. Ta yi cuu, tururi ya tashi. Ya juya ta ya ƙara watsawa, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya ajiye ta a layi.

Ya ce, "Haka muke yi tun kakanni. Mai saye ba ya jiran tukunya ta yi barci."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Na ce, "Hambali. Ranar da kuka fitar da farantin Elias, yaushe ne?"

Ya ce, "A ranar ne, Malam. Kuna fita ba da jimawa ba ɗan'uwansa ya zo da mota, ya ce inji a tsaye yake, mata na jira, ga biki a unguwar. Sai na fitar masa."

"Yana ja?"

"Yana ja."

"Ka sa masa ruwa?"

"Bokiti biyu. Don a iya ɗauka." Ya faɗa kamar mai ba da labarin ya share ɗaki. Sai ya ga fuskata. Hannunsa ya tsaya a kan injin, wutar ta kwanta.

Babu wanda ya ɓoye mini komai. Duk ajin suna tsaye suka gani, har tafa masa suka yi don saurinsa. Na tambaye su yaya aka fitar, ya ce kamar yadda aka saba, kuma a gidansu haka aka saba. Mu kuma a kwaleji kullum a darasin ƙarshe muke zubi, a buga ƙararrawa kowa ya tafi gida, sai washegari a buɗe akwati. Jiran yana nan kullum, amma su a ganinsu ƙararrawa ce ta kawo shi, ba ƙarfe ne ke bukatarsa ba.

Baba Umar ya dube ni ya dubi ɗansa. Ya ce, "Malam, lafiya?"

Na ce ban tabbata ba tukuna. Na roƙe shi aron wutarsa ranar Litinin.

Lahadi, da yamma

Na sami abin da nake nema. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Litinin, bayan la'asar

Na zo da Bushra da Tobiya rumfar Baba, da guntaye biyu da na fasa daga tsohon diram ɗin birki, kas mai kyau wanda magagari ke ci. Na sa kowa ya goga ya ji da hannunsa. Wutar Baba ba za ta narka kas ba, amma za ta gasa shi ya yi ja, kuma iyakar abin da muke bukata ke nan.

Tobiya ya hura wuta har gumi ya jiƙa masa riga, yana cewa in ya gama makaranta ofis mai sanyi zai nema. Da suka yi jawur, Bushra ta binne ɗaya a cikin toka mai zafi. Na ɗauki awartaki zan ɗauko ɗayan, Hambali ya ce, "Malam, ba ni."

Ya tsoma shi a bokiti. Tururi ya rufe mu. A cikin ƙarar tafasar sai muka ji wata 'yar ƙara siririya, tas, kamar an taka ƙwai.

Hambali ya ajiye awartaki a hankali. Ya ce, "Na ji wannan ƙarar ranar. Na zaci yashi ne ke faɗuwa."

Na bayyana musu: fatar ƙarfen ta sanyaya ta tsuke, cikinsa yana nan da zafi a kumbure, kuma kas ba ya lanƙwasa, sai ya tsage. Alminiyam yana da laushi, yana jurewa. Na ce wa Baba aikinsa daidai yake, ga tukwanensa nan shaida. Ƙarfen ne ba ɗaya ba.

Magagari ya zame a kan na ruwan. Guduma ɗaya ya tarwatse. Na tokar muka bar shi sai da muka yi magariba, magagari ya ci shi, Tobiya ya yi ta dukansa kafin ya rabu biyu.

Baba Umar ya raka ni bakin titi. Ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Malam Abbo, tun yana ɗan shekara bakwai nake dukan hannunsa in ya bar tukunya ta daɗe a yashi. Ni na sa masa wannan saurin. In za ka faɗa musu, ka ce ni ne."

Na ce, "Baba, ba kai ne ɗalibinsu ba."

Ya ce, "Shi ya sa."

Talata, da asuba bayan salla

In na kai dalilin, za a buɗe ɗakin. In na kai dalilin, da sunan Hambali a jikinsa. Suna iya korarsa ana saura kaɗan ya gama.

Na yi tunanin in ce "an sa masa ruwa" in tsaya nan. Injiniya Jonah zai ce wa ya sa. Asta ta ce, "Kana ta auna abin kai kaɗai kamar yaron ba shi da baki. Ka tambaye shi mana."

Laraba, da safe

Kwaɗon yana nan. Na gaishe shi yau. Mai gadi ya dube ni.

Alhamis, da yamma

Ban kai ga tambayarsa ba. Da na isa asibiti da kunun Asta, na tarar da Hambali zaune a ƙasa kusa da gadon Elias. Shi kaɗai ya zo, ya riga ya faɗa masa komai. Idanunsa sun yi ja.

Matar Elias tana tsaye bakin taga, ta harɗe hannuwa, ba ta amsa sallamata da kyau ba. Ban ga laifinta ba.

Elias ya ce, "Ticha, ka ji? Wai wanka ya yi wa faranti. Ni da na ce a yi sauri, ashe ni na aika mota." Ya dubi rufi. "Na yi fushi fa. Kafin ka shigo na yi fushi sosai. Na ce mishi ya fita, bai fita ba."

Hambali ya ce, "Ban san inda zan je ba."

Elias ya ce, "Ka gani? Taurin kai kamar farantinshi." Sai ya ɗaga hannun daga kan matashi, karon farko da na dube shi sosai. Ya ce in kalla. Babban yatsan ya motsa, kaɗan, ya taɓa na kusa da shi. Ya ce likita ya ce sauran sai a hankali, wataƙila, wataƙila ba. "Amma wannan ya dawo. Da wannan ana riƙe cokali."

A hanya Hambali ya ce shi zai yi wa kwamiti bayani da bakinsa. Na ce ya san abin da zai iya biyo baya? Ya ce ya sani. Ya ce, "In an kore ni ina da rumfar Baba. Bushra ba ta da rumfa."

Na yi kamar ƙura ta shiga mini ido, alhali ruwa aka yi jiya.

Litinin, bayan azahar

Yau ne. Zan rubuta yadda ya faru kafin ya gauraye a kaina.

Sun zauna a ɗakin taro, mu muna tsaye. Bushra ta yi bayanin tsatsa, a tsorace da farko, daga baya ta manta da tsoro har tana nuna Injiniya Jonah da gutsuren. Na jera guntayen diram ɗin, na miƙa masa magagari ya goga da kansa. Sannan Hambali ya faɗi nasa. Bai ambaci mahaifinsa ba, bai ambaci motar ba. Ya ce, "Na fitar da shi yana ja, na sa masa ruwa. Ban san kas ba ya so ba. Yanzu na sani."

Wani daga cikinsu ya ce wannan ganganci ne, a yi misali da shi. Na nemi izini na ce duk ajin suna wurin, babu wanda ya ga kuskure, domin jiran bai taɓa zama darasi ba a wurinmu, al'ada ce kawai ta tashi daga makaranta. Na ce abin da ba a sani ba shi ke da haɗari, wannan kuwa yanzu an san shi, kuma babu wanda ya san shi a duk Jalingo kamar yaron nan.

Injiniya Jonah ya ajiye magagarin. Ya sa hannu a aljihu, ya miƙe. Muka bi shi.

Kwaɗon ya ɗan yi gardama kafin ya buɗe. Ɗakin yana warin yashi da gawayi, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin murhu. Akwatin yana lungunsa. Tobiya da Hambali suka ɗaga murfin, suka share yashin da hannu. Ga shi nan, baƙi, haƙoransa a jere, tagwayen wancan.

Injiniya ya ce, "In maganarku gaskiya ce, magagari zai ci wannan."

Ya goga. Garin ƙarfe ya zubo masa a takalmi.

Ya sa aka rataye shi da waya ya ƙwanƙwasa ko'ina yana saurare, ya shafa masa kananzir da alli yana neman tsaga. Ya daɗe. Tobiya ya raɗa mini, "Malam, ko surukinshi ba zai bincika haka ba." Na taka masa ƙafa.

Suka ce mu jira a waje.

Litinin ɗin dai, da yamma

Za a buɗe. Da sharaɗi: ba a fasa akwati sai ya kwana, ba a fasa shi sai ina tsaye, kuma duk abin da zai juya a inji sai an gwada shi kafin ya fita ƙofa. Sharuɗɗan da ni ma da su zan fara.

Hambali ba za a kore shi ba, amma ba zai yi jarrabawa da 'yan ajinsu ba. Zai maimaita shekara. Na ce ya yi tsauri, Injiniya ya ce akwai mutum a asibiti.

Na fita na gaya masa. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Su Bushra za su yi tasu?" Na ce za su yi. Ya ce alhamdu lillahi, ya tafi wanke hannu, ya daɗe a bakin famfo.

Alhamis, bayan la'asar

Mun hura murhu. Ƙarar injin iska da na saba jin haushinta, yau kamar kiɗa.

An sallami Elias shekaranjiya, kuma ya zo, hannunsa rataye a wuya. Baba Umar ma ya zo da hularsa ta Juma'a, wai yana son ganin ƙarfen da ba ya son wanka. Na ba su benci nesa da wuta. Elias ya ce ɗayan farantin nasa ne, a kai masa, amma Hambali ne zai ɗaura shi, shi zai tayar da inji, kuma shi zai yi wa mata markaɗe duk Asabar har hannu ya warke. "Tunda ya sami shekara kyauta." Hambali ya ce ya yarda. Matar Elias ba ta zo ba. Wannan sai a hankali.

Bushra ce ta riƙe ludayi. Ƙarfen ya gangara fari kamar rana, bai fantsama ba, ya cika akwatin har baki. Na ga leɓen Hambali na motsi yana bin hannunta.

Da aka gama kowa ya tsaya yana kallon akwatin yana hayaƙi. Can sai Baba Umar ya muskuta a benci, ƙafarsa ta miƙa gaba da kanta. Ya ce, "To yanzu haka za a zuba masa ido?"

Hambali ya ce, "Sai gobe, Baba."

"Har gobe?"

"Har gobe."

Baba ya girgiza kai ya mayar da ƙafarsa ƙarƙashin benci. Elias ya yi dariya har ya riƙe hannunsa.

Da za mu tashi na ga kwaɗon ƙofar a kan taga, an manta da shi, makullin a jiki. Hambali ya ɗauka ya juya shi. Ya je ya zura shi a mariƙin akwatin zubin, ya datse, ya kawo mini makullin.

Yana aljihuna yanzu. Da safe za mu buɗe.